Linzamin Kwamfuta na Wasanni: Yadda Ake Auna Ƙwazonsa da Daɗin Riƙonsa

Gabatarwa

A watan Yuni na shekarar 2020 wani matashi ɗan ƙasar Sin mai suna Jian Zihao, wanda aka fi sani da laƙabin Uzi, ya ba da sanarwar ajiye wasan gasa na kwamfuta yana da shekara 23 kacal. Daga cikin dalilan da ya bayar har da ciwon sukari da ciwon hannu da ya daɗe yana fama da shi. Shekara biyar kafin haka, wato a 2015, Hai Lam na ƙungiyar Cloud9 ta Amurka ya sauka daga matsayinsa saboda ciwon wuyan hannu. Dukansu biyu gwanaye ne a wasan League of Legends, wanda ake yinsa da allon maɓallan rubutu a hannu ɗaya, da linzamin kwamfuta a ɗaya hannun, na tsawon sa'o'i masu yawa a kowace rana.

Linzamin kwamfuta shi ne 'yar na'urar nan da ake dafawa da tafin hannu ana zamar da ita a kan tebur, kibiyar da ke fuskar kwamfuta tana bin motsinta. Kamfanoni suna ƙera wani nau'i na musamman domin masu wasanni, suna kuma cika kwalinsa da manyan lambobi da alkawarin cewa ba zai gajiyar da hannu ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masana ke tantance irin wannan alkawari. Awon kashi biyu ne. Na farko, yaya amincin linzamin yake wajen kai motsin hannu zuwa ga kwamfuta? Na biyu, wace wahala hannu ke sha kafin a sami wannan aiki? Linzamin da ya ci awo ɗaya ya faɗi ɗaya bai cika ba.

Asalin Linzami

Douglas Engelbart na Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya ne ya ƙirƙiro linzami, abokin aikinsa Bill English kuma ya ƙera na farko a 1964. Ɗan akwati ne na katako, da maɓalli ɗaya a sama, da ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa: ɗaya tana auna motsi gaba da baya, ɗaya tana auna motsi dama da hagu. Wayar da ta fito daga jikinsa ta yi kama da wutsiya, shi ya sa Turawa suka raɗa masa suna ɓera. An nuna wa jama'a shi a San Faransisko ranar 9 ga Disamba, 1968. Daga baya aka maye gurbin ƙafafun da ƙwallo mai juyawa, kuma kwamfutar Macintosh ta 1984 ta sa linzami ya shiga gidaje da ofisoshi.

Shekarar 1999 ta kawo sauye-sauye biyu. Kamfanin Microsoft ya fitar da IntelliMouse Explorer, mai aiki da haske a kan tebur na yau da kullum ba tare da ƙwallo ba. A shekarar ne kuma aka fitar da Razer Boomslang, wanda ake ɗauka a matsayin linzami na farko da aka ƙera takanas domin wasanni. Tun daga lokacin gasar kamfanoni ta koma kan lambobi.

Yadda Idon Linzami ke Gani

A ƙarƙashin linzamin zamani akwai 'yar fitila da 'yar kyamara. Fitilar tana haska tebur a karkace, kamar yadda ranar hantsi ke fito da inuwar kowane tsakuwa a ƙasa, don haka ƙananan tudu da kwari na jikin katako ko ƙyalle su bayyana. Kyamarar tana ɗaukar hoton wannan wuri sau dubbai a cikin sakan ɗaya. Linzamin Microsoft na 1999 yana ɗaukar hoto 1,500 a sakan, idanun linzaman wasanni na baya-bayan nan kuwa suna wuce 10,000. Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki da ke kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi. Idan ɗigon da ke tsakiya a hoton farko ya matsa hagu a hoto na biyu, to linzami ya matsa dama ke nan. Kamfanin PixArt na Taiwan ne ke ƙera mafi yawan irin waɗannan idanu.

Daga wannan bayani za a fahimci dalilin da ya sa linzami ke ruɗewa a kan gilashi ko tebur mai sheƙi: babu alamar da ido zai riƙe. Haka nan ƙura ko silin gashi a bakin idon kan sa kibiya ta riƙa tsalle. Saboda haka duk wani gwaji na gaskiya dole ne ya faɗi irin shimfiɗar da aka yi shi a kanta.

Lambobin Jikin Kwali

Lambar da ake fi rubutawa da manyan haruffa ita ce DPI, wato yawan ɗigon da linzami ke ƙirgawa idan ya yi tafiyar inci ɗaya, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Alal misali, fuskar kwamfuta da aka fi samu tana da ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama. Linzamin da aka saita a kan 800 zai ratsa ta da tafiyar inci 2.4, kimanin santimita 6. Idan aka saita shi a kan 30,000, kamar yadda wasu linzamai ke iya yi a yau, tafiyar milimita 1.6 ta isa ta kai kibiya daga wannan gefe zuwa wancan. Rawar hannu da bugun jini kaɗai sun isa su kautar da ita daga inda ake nufi. Wannan ne ya sa mafi yawan gwanayen wasannin harbi ke saita nasu tsakanin 400 da 1,600. Ashe DPI awon saurin kibiya ne, yawansa kuma ba ya nuna daidaito. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lamba ta biyu ita ce yawan saƙon da linzami ke aika wa kwamfuta a sakan, wadda ake rubutawa da alamar Hz. Linzamin ofis yakan aika sau 125, wato sau ɗaya a kowace milisakan 8, ita kuwa milisakan kashi ɗaya ce cikin dubu na sakan. Linzamin wasa yakan aika sau 1,000, wato kowace milisakan 1. A 2021 kamfanin Razer ya fitar da mai aikawa sau 8,000. Lissafi zai nuna darajar kowane mataki. Hannun da ke gudun mita ɗaya a sakan yakan yi tafiyar milimita 8 tsakanin saƙo da saƙo a linzamin ofis, milimita 1 kuma a linzamin wasa. Daga 125 zuwa 1,000 an rage jira da milisakan 7. Daga 1,000 zuwa 8,000 kuwa abin da aka rage bai kai milisakan ɗaya ba, ga shi yana ƙara wa kwamfuta aiki, yana kuma saurin cinye batir a linzami marar waya.

Lamba ta uku ita ce iyakar gudun da ido zai iya bi bai ɓace ba, ana rubuta ta da IPS, wato inci a sakan. Linzami mai 400 yana iya bin gudun kusan mita 10 a sakan, abin da hannu ba ya kaiwa a kan tebur. Amma linzami mai araha na iya ɓacewa idan aka fizge shi da sauri, kibiya ta tsaya cik ko ta nufi wani wuri dabam. A nan bambancin na gaske ne, kuma ɗan wasa zai ji shi nan take.

Akwai kuma abubuwan da ba a cika rubutawa ba, alhali sun fi tasiri. Wani linzamin yakan ƙara wa kibiya nisa idan an motsa shi da sauri, ta yadda tafiyar santimita 10 a hankali da ta santimita 10 da sauri ba sa kai kibiya wuri ɗaya. Wannan yana hana hannu ya haddace nisa. Wani yakan miƙar da layin da hannu ya ɗan karkatar, wani kuma yakan ci gaba da ƙirga motsi bayan an ɗaga shi daga tebur. Linzami mai kyau yakan daina gani idan an ɗaga shi milimita 1 zuwa 2.

Jinkiri Tsakanin Yatsa da Ido

Daga lokacin da yatsa ya danna maɓalli zuwa lokacin da ido ya ga sakamako akwai matakai da dama, kowane da jinkirinsa. A cikin maɓalli na gargajiya akwai siraran ƙarafa biyu da ke haɗuwa. Idan sun haɗu sukan yi 'yar rawa, su rabu su sake haɗuwa a cikin 'yan milisakan. Don kada kwamfuta ta ƙirga danni ɗaya a matsayin uku, ana sa linzami ya yi watsi da wannan rawa na ɗan lokaci. Idan ƙarafan sun tsufa rawar takan tsawaita, daga nan ne ake samun larurar nan ta danni ɗaya ya zama biyu. Sababbin maɓallai suna aiki da haske: danni yakan buɗe ko ya tare hanyar wani siririn haske, don haka babu ƙarfen da zai yi rawa.

Sai dai a tuna cewa linzami ɗaya ne daga cikin matakan. Fuskar kwamfuta mai sabunta hoto sau 60 a sakan tana ɗaukar milisakan 16.7 kafin ta nuna sabon hoto, mai sau 144 kuwa milisakan 6.9. Shi kansa mutum yakan ɗauki milisakan 200 zuwa 250 tsakanin ganin alama da motsa yatsa. Wanda ke da fuskar kwamfuta mai sau 60 ba zai ga amfanin linzami mai aika saƙo sau 8,000 ba. Game da marar waya kuwa, wanda ke amfani da 'yar na'urar karɓar saƙo ta kansa da ake sokawa a ramin USB ya kamo mai waya a sauri, amma mai amfani da Bluetooth yakan fi jinkiri.

Dokar Fitts: Auna Linzami Tare da Hannu

Duk lambobin da aka ambata na na'ura ne ita kaɗai. Abin da mai amfani ke bukata kuwa shi ne sanin abin da na'ura da hannu za su yi tare. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Fitts, ya sa mutane su riƙa taɓa faranti biyu na ƙarfe da tsinke, wannan bayan wancan, yana sauya faɗin farantan da nisan da ke tsakaninsu. Ya gano cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abin da ya nufa ya dogara ga abu biyu: nisan abin da kuma faɗinsa. Mai nisa ko siriri ya fi cin lokaci, kuma ana iya lissafa wahalar.

Ga yadda lissafin yake. A ninka nisa sau biyu, a raba da faɗi, sannan a tambaya: 2 guda nawa za a ninka da juna kafin a sami wannan adadi? Idan nisa santimita 16 ne, faɗi kuma santimita 1, adadin ya zama 32. Sai an ninka 2 guda biyar da juna ake samun 32, don haka wahalar ita ce 5, ana kuma kiran ma'auninta bit. Idan faɗin ya zama santimita 4, adadin ya koma 8, wahala kuma bit 3. Mutumin da ya kammala aiki mai wahalar bit 5 a cikin sakan 1.25 yana aiki da ƙwazon bit 4 a sakan.

A 1978 Stuart Card da Bill English da Betty Burr na cibiyar binciken kamfanin Xerox suka yi amfani da wannan doka wajen kwatanta linzami da sandar sarrafawa da maɓallan motsa kibiya. Linzami ya fi su duka sauri da ƙarancin kuskure. A shekarar 2000 hukumar tsara ma'aunai ta duniya ta ɗauki wannan hanya a cikin ƙa'idarta mai lamba ISO 9241-9. A irin waɗannan gwaje-gwaje ƙwazon linzami na yau da kullum yakan faɗa kusan tsakanin bit 4 da bit 5 a sakan. Amfanin wannan awo shi ne ya haɗa sauri da daidaito wuri ɗaya: mai gaggawa yana kuskure ba zai sami maki mai yawa ba, haka ma mai daidaito yana nawa.

Abin da ke Cikin Hannu

Kashi na biyu na awon ya shafi ilimin ergonomi, wato ilimin daidaita kayan aiki da jikin mai aiki. Kalmar ta fito daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin aiki da doka. Matsalar da yake nazari tsohuwa ce. Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, a littafinsa kan cututtukan ma'aikata wanda ya fito a 1700 aka faɗaɗa shi a 1713, ya yi bayanin ciwon da marubutan ofis ke samu saboda dogon zama da maimaita motsi ɗaya na hannu. Manomi ma ya san cewa ƙotar fartanya da ba ta dace da hannunsa ba za ta fitar masa da kanta kafin ya gama kunya goma.

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27, takwas daga cikinsu a wuyan hannu. Waɗannan takwas sun yi siffar kwarya, wata tauri-taurin tantani ta rufe bakinta, aka sami wani matsattsen rami. Ta cikin wannan rami agara tara ke wucewa, waɗanda ke haɗa tsokokin sangalin hannu da yatsu, tare da jijiya ɗaya mai kai saƙon ji daga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin yatsan zobe. Idan wuyan hannu ya lanƙwashe sama ko gefe, ko agarar suka kumbura, matsi yakan ƙaru a cikin ramin ya danne jijiyar. Alamunsa su ne mutuwar yatsu da jin kamar ana tsira allura, musamman da dare. Bayan haka, a sangalin hannu akwai dogayen ƙasusuwa biyu da ke kwance a jere idan hannu yana tsaye kamar na mai musabaha, amma ɗaya yakan hau kan ɗaya idan aka kifa tafi a tebur. Linzami na yau da kullum yana tilasta wa hannu ya zauna a kife.

A 1999 Peter Keir da Joel Bach da David Rempel suka auna matsin wannan rami kai tsaye a hannun mutum 14 masu lafiya, suna amfani da linzamai uku mabambanta. Matsin ya ƙaru da zarar an ɗora hannu a kan linzami, ya kuma fi ƙaruwa a lokacin da ake jan abu da maɓalli a danne. Amma ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin linzaman uku. Wani bincike da aka yi a kan dubban ma'aikata a ƙasar Danmak, aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2003, ya nuna cewa aiki da kwamfuta ba babban haɗari ba ne wajen kamuwa da ciwon wannan rami, sai dai alamunsa sun fi yawa ga masu riƙe linzami fiye da awa 20 a mako. Darasin shi ne irin aikin da tsawon lokacinsa suna da nauyi a ma'auni kamar siffar linzami ko fiye. Gwanayen wasan StarCraft sukan wuce motsi 300 a minti ɗaya tsakanin hannaye biyu. Idan aka ci gaba da haka na awa takwas, an yi motsi 144,000 ke nan a yini.

Siffa da Riƙo da Nauyi

Linzamin wasa da ake kira mai daɗin riƙo yawanci an sassaƙa shi ne domin hannun dama: gefensa na hagu ya fi tudu don tafi ya ɗan karkata, akwai kuma gurbin babban yatsa. DeathAdder na Razer, wanda ya fito a 2006, da G502 na Logitech, wanda ya fito a 2014, misalai ne sanannu. Bahago, wanda ya kai kusan mutum ɗaya cikin goma, sai ya nemi mai siffar da ta yi daidai ta kowane gefe, ko wanda aka ƙera domin hagu. Akwai kuma linzami na tsaye, kamar MX Vertical na 2018 mai karkatar digiri 57, wanda ke rage kifewar hannu ƙwarai, amma sabon mai amfani da shi yakan yi nawa wajen nuni, shi ya sa ba a cika ganinsa a gasa ba.

Riƙo iri uku ne. Akwai riƙon tafi, inda dukan tafin hannu da yatsu ke kwance a kan linzami, motsi kuma ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa. Wannan yana son linzami dogo mai ƙusumbi. Akwai riƙon shaho, inda gindin tafi ke taɓa bayan linzami, yatsu kuma suka tanƙware kamar faratan tsuntsu. Yana ba da saurin danni amma yana ɗaure agara. Akwai riƙon kan yatsu, inda tafi ba ya taɓa komai. Yana son ƙaramin linzami marar nauyi. Tsawon hannun manya, daga layin wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya, yakan kama daga santimita 17 zuwa 20, na ɗaliban ƙananan azuzuwa kuwa bai kai haka ba. Linzamin da ya yi wa hannu girma yakan sa yatsu su miƙe suna neman maɓalli, wanda ya yi ƙanƙanta kuma yakan sa a matse shi da ƙarfi.

Batun nauyi kuwa dokar Newton ta biyu ce ke bayaninsa: ƙarfin da ake bukata daidai yake da nauyin abu a ninka da saurin ƙaruwar gudunsa. Samfurin G502 Hero yana da giram 121, G Pro X Superlight na 2020 kuwa kimanin giram 63. Ke nan na biyu yana bukatar kusan rabin ƙarfin na farko wajen tashi da tsayawa. Sai dai hannu ma yana da nauyinsa. A jikin mutum mai kilo 60, tafi da yatsu sun kai kimanin giram 360, sangalin hannu kuma ya kusa kilo ɗaya. Mai motsa dukan hannu daga gwiwa ba zai ji ragin giram 58 sosai ba, amma mai tura linzami da yatsu kawai zai ji shi ƙwarai. Wannan ya nuna cewa ba a yanke hukunci kan nauyi sai an san irin riƙo.

A ɗakin bincike ana auna daɗin riƙo ta hanya uku. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar sangalin hannu don auna lantarkin da tsoka ke fitarwa, wanda ke ƙaruwa gwargwadon aikinta. Ana ɗaura ma'aunin kusurwa a wuyan hannu don ganin yawan lanƙwasarsa. Ana kuma ba mutane takardar tambayoyi su faɗi gajiyar yatsu da wuyan hannu da kafaɗa, sau da yawa bisa ma'aunin 0 zuwa 10 irin wanda Gunnar Borg na ƙasar Suwidin ya tsara.

Gwaje-gwajen da Ɗalibai za su Iya Yi

Malamin kimiyya na iya jagorantar waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin kwamfuta na makaranta da rula da agogo da linzamai biyu ko uku. Kafin a fara, a saita saurin kibiya a tsakiya, a kuma kashe tsarin Windows mai ƙara wa kibiya gudu. A goge ƙasan kowane linzami, domin ƙurar hunturu da gumin bazara suna ɓata sulɓinsa.

Na ɗaya, gwajin DPI. A jingina linzami da rula, a tura shi inci 2 daidai, a duba yawan ɗigon da kibiya ta ratsa a manhajar zane ta Paint, wadda ke nuna matsayin kibiya a ƙasan fuska. Idan an ce 800 ne, ya kamata a sami kusan 1,600.

Na biyu, gwajin amincin motsi. A jingina linzami da littafi mai nauyi, a lura da wurin kibiya, a ja shi a hankali santimita 5, sannan a maido shi da sauri ya taɓa littafin. Idan kibiya ba ta koma wurinta ba, linzamin yana ƙari ko ragi.

Na uku, gwajin ɗagawa. A ɗora gefuna biyu na linzami a kan faya-fayan CD, idonsa yana kallon tebur ta tsakaninsu. Kaurin kowane faifai milimita 1.2 ne. A riƙa ƙara faifai har ido ya daina gani.

Na huɗu, gwajin Fitts. A zana sanduna biyu a fuskar kwamfuta, a auna faɗinsu da nisansu da rula, a lissafa wahala. Ɗalibi ya danna su bi da bi sau 20, wani yana riƙe da agogo, wani yana ƙirga kuskure. A raba wahala da matsakaicin lokacin danni ɗaya. Wajibi ne a ba kowa damar sabawa tukuna, a kuma sauya jerin linzaman daga ɗalibi zuwa ɗalibi, in ba haka ba linzami na ƙarshe zai ci ribar sabon da hannu ya yi.

Na biyar, gwajin gajiya. A auna tsawon hannun kowa, a rubuta irin riƙonsa, a rufe sunan kamfani da takarda don kada suna ya rinjayi ra'ayi. Bayan aikin minti 30, kowa ya ba gajiyar yatsu da wuyan hannu da kafaɗa maki daga 0 zuwa 10. Idan aka jera sakamako a jadawali, ɗalibai su duba ko linzamin da ya fi wa masu dogon hannu daɗi shi ne ya fi wa masu gajeren hannu.

Kammalawa

An ga cewa ƙwazon linzami yana cikin amincin idonsa da ƙarancin jinkirinsa, kuma bayan wani mataki ƙarin lambobi ba ya ƙara wa mai wasa komai. An kuma ga cewa daɗin riƙo ya dogara ga girman hannu da irin riƙo da tsawon lokacin aiki, don haka babu linzami ɗaya da ya dace da kowa. Mai niyyar saye ya auna hannunsa, ya riƙe linzamin kafin ya biya idan da hali. Mai amfani kuma ya zauna gwiwar hannunsa tana kusa da jiki a kusurwar kimanin digiri 90, sangalin hannu yana da madogara, wuyan hannu a miƙe, riƙo a sassauce, ya riƙa tashi yana miƙe yatsu bayan kowane rabin sa'a. Wanda ya fara jin mutuwar yatsu, musamman irin wadda ke tashinsa daga barci, ya rage aiki ya ga likita, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take komawa yadda take ba.